Wa Ke Riƙe da Gaskiyar Awo?

Ko an kwana ana zuƙe iskar da ke cikin tukunyar ƙarfe, ba ta ƙarewa ƙarƙaf. Kullum akwai ɗan abin da ya rage, kuma wannan ragowar ce masana awo ke fama da ita. Matsin iska a bakin teku faskal 101,325 ne, amma masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta sukan yi aiki a matsin da bai kai faskal ɗaya ba, kuma dole su san ko nawa ne.

Magabata sun yi gardama kan ko akwai sararin da babu komai a cikinsa. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya rubuta risala a kai, ya ce iska buɗewa take yi ta cike gurbin. Malaman Ash'ariyya suka ce akwai shi. A 1643 Toriceli ya kifa bututun gilashi cike da zaiba, ta sauka ta bar fili a sama. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da ta biyo baya: idan Jamus ta ce faskal ɗaya, Amurka ma ta ce faskal ɗaya, wa zai tabbatar abu guda suke nufi?

Babu alƙalin da ke zaune sama da su. Tun yarjejeniyar 1999 da hukumomin awo na ƙasashe suka sa wa hannu a Faris, abin da ake yi shi ne kwatance. Ɗakin gwaji ɗaya, a ce na NIST a Amurka, zai shirya na'ura ya aika wa PTB a Jamus, daga nan ta wuce Koriya ko Japan, sannan ta komo gida a duba ko tafiya ta sauya mata hali. Wata irin na'urar ƙwallon ƙarfe ce da ba ta wuce ƙwayar wake ba, maganaɗisu na riƙe da ita a sarari ba ta taɓa komai, tana juyawa kusan sau 400 a daƙiƙa. Ƙwayoyin iskar da suka rage su ne ke bugun ta suna rage mata gudu, daga saurin raguwar ake gane matsin. Kowane ɗaki zai auna da nasa ma'aunin ba tare da ya ga sakamakon ɗan'uwansa ba, kuma tun kafin a buɗe, sai ya faɗi iyakar kuskuren da yake zaton zai iya yi.

A nan ne zuciyata ta daɗe tana kai-kawo. Adadin da ake fitarwa daga ƙarshe daga sakamakon mahalarta ake haɗa shi. To haɗuwar baki ita ce gaskiya? A'a. Mutum goma na iya taruwa kan kuskure ɗaya idan a wurin malami ɗaya suka ɗauko shi.

Malaman hadisi sun riga mu tunani a kan wannan. Ba yawan maruwaita kaɗai ke sa labari ya zama mutawatiri ba; sharaɗin shi ne su kasance jama'ar da a al'ada ba za su haɗa baki kan ƙarya ba, kuma abin da suka gani ko suka ji suke faɗa. Haka nan ƙarfin kwatancen yake. Wani ɗakin da tsayin zaiba yake awo. Wani yakan cika ƙaramar tukunya da iskar da ya san matsinta, ya sake ta cikin babba, ya yi lissafi da dokar Boyil ta 1662. Wani kuma iska yake turawa ta ƙaramar huda da ya san faɗinta. Hanyoyin sun bambanta, kurakuransu ma sun bambanta, don haka idan suka dace da juna, da wuya a ce sa'a ce.

Na yi imani matsin da ke cikin tukunyar nan yana da adadi na haƙiƙa, kuma Allah Ya san shi. Mu abin da muke da shi kusanci ne, tare da bayanin tazarar da ta rage. Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye mudu kashedi, ni kuwa ina ganin wanda ya ƙanƙanta kuskurensa a takarda don ya burge, yana sane, ya shiga sahunsu.

Sakamakon kuwa ana wallafa shi da sunan kowace hukuma. Wadda ta kauce daga sauran takan koma ta binciki zafin ɗakinta, da girman tukwanenta, da iskar da bangon ƙarfe ke fitarwa a hankali, kuma wani lokaci binciken kan nuna cewa na'urar da aka aiko ce ta sauya a hanya.