Niyya Ta Gari Ta Isa a Ba Mutum Amanar 'Ya'yan Jama'a?

A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi akwai wasu mutane da ba a lissafa su cikin ma'aikata, alhali kuwa a hannunsu matasan garuruwan nan suke ƙarasa wuninsu. Akwai mai horar da 'yan ƙwallo a filin firamare bayan la'asar. Akwai malamar Islamiyya da ke tsayar da 'yan mata bayan an tashi don ta koya musu saƙa da haɗa sabulu. Akwai kwamandan 'yan agaji da ke fareti da samari ran Juma'a, da mai shagon kwamfuta da ya ware awa biyu kullum ga yaran unguwa. Mafi yawansu ba wanda ya ɗauke su aiki. Su suka ga giɓi suka shiga. Idan maganarsu ta taso, yabo ɗaya muke yi musu: mutumin kirki ne, don Allah yake yi.

Yabon gaskiya ne. Tambayarmu ita ce, shin kirki da kyakkyawar niyya sun isa a damƙa wa mutum 'ya'yan jama'a? In kuma ba su isa ba, a wuyan wa nauyin cike abin da ya rage yake?

Ba ma yarda da niyya kaɗai a sauran al'amuranmu. Ba wanda zai hau motar Gusau saboda direban mai sallah ne in ya san bai iya tuƙi ba. Ba wanda zai miƙa wa wanzami kan ɗansa saboda fara'arsa kawai. Amma da an zo kan tarbiyyar matasa sai mu sassauta, kamar aiki ne da kowane mai haƙuri zai iya. Muna ganin dalilin shi ne ɓarnar direba a take ake ganinta, ta mai tarbiyya kuwa sai bayan shekaru take fitowa, lokacin da ba wanda zai iya cewa daga ina ta faro.

Mu ɗauki misalin da duk wanda ya san yankin nan zai gane. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu, iyayensa sun baro ƙauye sun sauka gidan dangi a cikin Zurmi. Yana zuwa ƙwallo kullum, sai ya fara ɗauke ƙafa. Ran da ya dawo yana da sabuwar waya. Bayan an tashi ya tsaya ya ce, "Koci, wani ne yake aike na in sayo masa burodi da katin waya in kai bakin gari, yana ba ni kuɗi. Don Allah kada ka gaya wa Baba." Me kocin zai yi? In ya yi shiru, watakila yaron ya riga ya shiga aikin kai wa 'yan bindiga kaya bai sani ba, kuma garin ne zai ɗanɗana kuɗarsa. In ya faɗa a majalisa, kalmar "infoma" kaɗai ta isa ta jawo wa yaron abin da ba ya gyaruwa. In ya daka masa tsawa, ya rufe ƙofa ɗaya tak da yaron ya ƙwanƙwasa. Kocin yana son yaron har zuci, amma son ba zai gaya masa wa ya kamata ya fara gani ba, da wane lafazi, da abin da zai yi wa yaron alkawari da wanda ba shi da ikon yi. Wannan ilimi ne, kuma ana koyonsa.

Mu mutanen Zamfara mun fi kowa sanin inda niyya marar horo take kaiwa. Kalmar "sa-kai" da can sunan aikin alheri ce. Da yawa cikin waɗanda suka shiga 'yan sa-kai sun shiga ne don kare ƙauyukansu lokacin da ba wanda ya zo kare su. Amma rashin horo da rashin mai tsawatarwa suka sa aka yi ta hukunci a kasuwanni ba tare da shari'a ba, ramuwa ta haifi ramuwa, har gwamnati ta haramta ƙungiyar. Da aka zo kafa Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024, sai da aka ba su horo kafin a ƙaddamar da su. Kowa na da ra'ayinsa a kan yadda abin ya kasance daga baya, amma an dai amince da ƙa'ida ɗaya: ba a ba mutum iko a kan rayuwar wani saboda zafin kishinsa kaɗai. Mai riƙe da yara talatin kullum yamma shi ma iko gare shi, ko da usur ne kawai a wuyansa.

Daga nan ne muke ganin amsar tambayar. Horar da mai kula da matasa haƙƙin yaran ne kafin ya zama gatan shi wanda aka horar. Wannan ɗan bambancin shi ke sauya komai, domin yadda muke gudanar da horaswa a yau ya nuna mun ɗauke ta ladan da ake raba wa manya.

Kowa ya san fasalin taron bita. A kira mutum biyu daga kowace ƙaramar hukuma zuwa wani otal a Gusau. Kwana uku ana haska majigi da Turanci, a ci abinci, a sa hannu a karɓi alawus, a ɗauki hoto da takardar shaida. Sau da yawa wanda aka tura ba shi ne ke tsayuwa a fili da yaran ba, wanda ya san wani ne. Ko da shi ɗin ne, zai koma Shinkafi da jaka da littafi, kuma ba wanda zai sake tambayarsa ko abin da aka koya masa ya yi aiki. Wanda ya ba da kuɗin zai rubuta a rahotonsa cewa an horar da mutum kaza. Ba a yi ƙarya ba, amma yaron nan mai sabuwar waya bai amfana da komai ba.

A sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta mun daɗe da koyon cewa ranar ƙaddamarwa ita ce mafi sauƙi a rayuwar kowace manhaja. Wahalar tana cikin shekarun da ke biyo baya, ana gyara, ana sabuntawa, ana sauraron ƙorafin masu amfani da ita. Muna kuma da al'adu biyu da suka dace da maganar nan. Ta farko, komai ƙwarewar mutum, ba a shigar da abin da ya rubuta cikin babban aiki sai wani abokin aiki ya karanta ya yi tambayoyi, kuma ba a ɗaukar hakan raini. Ta biyu, muna tambayar kanmu: in mutum ɗaya ya bar aikin nan gobe, zai tsaya? In amsar e ce, to aikin yana cikin haɗari, ko da yau lafiya lau yake tafiya. Mutanen Ƙaura ba sa buƙatar misalin kwamfuta kafin su gane wannan. Layin dogo ya iso garin a 1929, nan ne ƙarshensa daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa da auduga. Tashar tana nan, jirgin ne ya daina zuwa, saboda an iya ginawa ba a iya kulawa ba.

Wani zai yi tsammanin za mu ce intanet ce mafita, a zuba darussa a waya kowa ya koya daga ɗakinsa. Tana da amfaninta, kuma zauren WhatsApp na masu horarwa ya fi babu. Amma ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, aka rufe makarantu bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, aka dakatar da kasuwannin mako, har mutane suna tafiya Funtuwa don su buga waya. A daidai lokacin da matasa suka fi buƙatar mai riƙe su, duk abin da ya dogara da sabis ya tsaya cak. Abin da ya rage shi ne abin da ke kan mutane da abin da ke rubuce a takarda.

Ba sai mun je Turai neman tsari ba. Tun kafin tsakiyar ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta fuskanci matsala irin tamu: mata da yawa a ƙauyuka masu nisa, ga hanya mai wuya, ga ƙarancin masu koyarwa. Sai ta zaɓi dattijai mata amintattu daga ƙauyukan kansu, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar izini. Jaji takan jagoranci ayarin 'yan mata da tsofaffi su zo wurinta, su koyi karatu cikin waƙoƙin da ta tsara da harshen da suke ji, su koma su koyar da waɗanda ba su samu fitowa ba, sannan su sake dawowa. Su ne 'Yan Taru. Abin lura a tsarin nan huɗu ne. An zaɓi wadda mutanenta suka riga suka yarda da ita. An koyar da ita da harshenta, cikin sigar da za ta iya ɗauka a ka. Koyon bai ƙare a zama ɗaya ba. Sannan da Asma'u ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, domin tun farko ba a gina shi a kan mutum ɗaya ba.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko suna cewa da zarar an ce sai mai horo, takarda za ta kori dattijon da ya shekara ashirin yana riƙon yara, a kawo mai digiri da bai san sunan unguwa ba. Tsoron yana da tushe. Amma horon da muke nufi daga wurin dattijon nan zai fara. Shi ya san yadda ake shiga gidan da aka yi rashi, ya san wane uba ake bi ta wajen liman, wane ake bi ta wajen uwar gida. Abin da watakila bai sani ba shi ne alamomin yaron da firgici ya kama, wanda ake ɗauka taurin kai ne, ko dalilin da ya sa bai kamata babba ya kaɗaita da yaro a rufaffen ɗaki ba ko da shi waliyyi ne, ko lokacin da matsala ta wuce nasiha ta zama ta asibiti. Ma'aikacin jinya a babban asibitin Shinkafi ya san wasu daga cikin waɗannan, shi kuma bai san abin da dattijon ya sani ba. A zaunar da su tabarma ɗaya.

Na biyu ya fi zafi. Suna cewa duk wanda aka horar tafiya yake yi. Da ya iya rubuta rahoto da sarrafa kwamfuta, sai wata ƙungiya ta ɗauke shi zuwa Gusau ko Abuja, garin ya koma gidan jiya. Shin wanda ya tafi ya ci amana? Ba mu ga haka ba. Mutumin da ke da iyali, ba albashi, hanyar garinsu kuma ba a binta da kwanciyar hankali, ba mu da bakin ce masa ya zauna don mu ji daɗi, musamman mu da aikinmu ya ba mu damar zama inda muka ga dama. Amma tunda ilimin da aka ba shi haƙƙin yaran ne, akwai bashi a kansa, kuma bashin magaji ne. Kafin ya ɗauki jaka, ya bar mutum biyu da suka iya abin da ya iya, da littafin da ke ɗauke da sunan kowane yaro, da wanda ke riƙonsa, da abin da ya kamata a kula da shi. Wanda ya yi haka ya tafi da halalinsa. Wanda ya tafi da komai a kansa ya tafi da kayan da ba nasa kaɗai ba ne.

Bashin kuma ba a wuyansa kaɗai yake ba. Ba adalci ba ne mu nemi ƙwarewa daga mutumin da ko kuɗin man babur ba mu ba shi. Idan gari ya iya tara kuɗin gyaran masallaci da na gasar cin kofi, ya iya tara abin da zai riƙe masu riƙe masa yara. Ruwa ba ya tsami banza: yawancin waɗanda suka bari, gajiya ce da kaɗaici suka kore su kafin kuɗin wani wuri ya ja su.

Abin da za a iya farawa da shi bai fi ƙarfinmu ba. Masu kula da matasa na kowane gari su riƙa zama sau ɗaya a wata, a ajin firamare ko zauren hakimi, kowa ya kawo matsala ɗaya da ta gagare shi, ba tare da ambaton sunan yaro ba, a tattauna. Su riƙa ziyartar filin juna suna kallon yadda ɗan'uwa ke aiki. A rubuta ƙa'idojin kare yara da Hausa, da boko da ajami, a shafi biyu da kowa zai iya haddacewa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, tana da ɗakuna da malamai, kuma masu yi wa ƙasa hidima suna da ranar aikin al'umma kowane mako. Duk wanda ya zo da kuɗin horaswa daga waje, a roƙe shi ya kawo ta inda yaran suke, ya kuma dawo bayan wata shida ya ga abin da ya tsira.

Niyya ta gari ita ce ta fito da waɗannan bayin Allah daga gidajensu, kuma ba abin da zai maye gurbinta. Amma barin mutum da niyyarsa kaɗai a gaban matsalolin da suka gagari hukuma, sannan mu tsaya gefe muna sa masa albarka, sauke nauyinmu ne a kansa. Idan da gaske muke cewa yaran nan amana ne, to mai riƙe da su ma amana ne a hannunmu, kuma za a tambaye mu abin da muka ba shi ya riƙe su da shi.