Girman kai rawanin tsiya

A ƙasar Hausa mutum ba ya naɗa wa kansa rawani. Sarki a gaban jama'a ake naɗa shi, hakimi sai sarki ya naɗa shi, almajiri kuwa sai ya sha karatu har malaminsa ya yarda da shi sannan a ɗora masa. Rawani shaidar mutane ce a kan mutum. Mai girman kai shi ne ya tsallake duk wannan, ya yanko yadi ya naɗa da hannunsa, ya fito yana jiran a faɗi a yi gaisuwa. Galibi in an kawo wannan karin magana ana nufin ƙarshen mai girman kai talauci ne da wulaƙanci, kuma gaskiya ne. Amma ni a ganina tsiyar ta riga rawanin zuwa. Tana nan a ƙarƙashi tun farko, ita ake rufewa, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon tsawon yadin.

Abin da ya sa ni wannan magana shi ne halin da wasu gidajenmu na Abijan suke ciki. Hausawa sun daɗe a Adjamé da Treichville. Mu ne a bakin tukunyar garba, mu ne da tsire, mu ne da albasar Galmi, da dabbobi, da yadi da wayoyi a kasuwar Adjamé. Yaron da ya sauka a tasha daga Tawa ko Madawa ba shi da kowa sai maigidan da aka haɗa shi da shi: shi zai ba shi wurin kwana, shi zai ba shi jari, shi zai riƙe masa kuɗinsa. Amaryar da aka kawo daga Maraɗi ita ma haka, ga shi ba ta jin Faransanci, ba ta jin Jula, uwarta tana can tafiyar kwanaki a mota. Mafi yawan masu gida mutanen amana ne, da su zango ya tsayu. Sai dai wannan tsarin da ke raya baƙo, shi ne kuma ke miƙa shi hannu da ƙafa ga wanda ba ya tsoron Allah.

Kowa ya zauna zango ya san irin mutumin. Ranar suna yana zuwa a makare don a gan shi, shaddarsa tana ƙara, ya zaro 'yan jikka goma-goma ya manna wa maroƙi a goshi. In ana gyaran masallaci sunansa ne farko, kuma sai an faɗa a lasifika. Da ya shiga gida ya cire hula, sai matarsa ta ce, "Alhaji, gas ya ƙare." Ba ya amsawa. Sai ta sake faɗa. Sai ya dube ta daga sama har ƙasa ya ce, "Ke da na ɗauko daga ƙauye ba ki san takalmi ba, yau ke ce mai yi mini lissafi?" Washegari ya shigo da atamfa da kaza, yana dariya, in ta tuna masa maganar jiya ya ce, "Ni? Yaushe? Kin fara taɓuwa ne?" Wata shida na irin wannan, sai ka ga mace mai hankalinta tana tambayar maƙwabciya ko da gaske ita ce ba ta ji daidai ba. In ta kai ƙara wurin manya, wa zai yarda? Inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Amsa ɗaya take samu: "Ki yi haƙuri 'yata, irin Alhaji ai ba a samu."

Ba mata kaɗai abin ke ci ba, ba kuma maza kaɗai ke yi ba. Akwai yaron shago da ya yi shekaru ana ce masa kuɗinsa na ajiye, ranar da ya nema aka ce masa butulu, aka bi zango ana cewa ɓarawo ne. Akwai uwar ɗaki da ke yi wa 'yar riƙo haka, akwai uwar da ta ware ɗa ɗaya ta mai da shi abin ado, ɗayan kuma abin huce haushi.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi wa wannan hali suna daga tatsuniyar Girkawa ta Narsisus, saurayin da ya ga fuskarsa a ruwa ya kasa tashi har ya mutu. Sigmund Freud ya yi rubutu a kai a 1914, kuma a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundinta na cututtuka. Kundin na yanzu ya lissafa alamomi 9, sai mutum ya haɗa 5 ake cewa yana da cutar. Daga ciki akwai ganin kai ya fi kowa, ƙishirwar yabo, ɗaukar mutane kayan aiki, da rashin jin zafin wani. A ƙasashen Faransanci littafin Marie-France Hirigoyen na 1998 a kan cin zali ta hanyar magana da wulaƙanci shi ya fito da zancen fili, har yau ga shi ya cika Facebook a Abijan, kowace mai fushi da miji ta laƙaba masa sunan. Wannan ganganci ne. Sanya wa mutum sunan cuta aikin likita ne. Wanda ake cuta kuwa ba ya bukatar takardar likita kafin ya san ana cutarsa.

To me ke ƙarƙashin rawanin? Heinz Kohut da Otto Kernberg, likitoci biyu da suka yi fice a wannan fanni a shekarun 1970, sun saɓa a abubuwa da yawa, amma sun haɗu a kan cewa wannan kumburi yana tsare wata zuciya ce mai rauni, wadda ba ta iya ɗaukar kunya ko kaɗan. Mai lafiyayyar zuciya in ya yi kuskure yakan ji zafi, ya ce "na yi laifi," ya kwana ya tashi yana nan yadda yake. Shi wannan, laifi ɗaya in ya amsa, gani yake duk ya rushe. Shi ya sa dole laifin ya zama na wani. Shi ya sa ƙaramar magana kamar ta gas take tayar da bala'i, don a kunnensa cewa aka yi ya gaza. Wani bincike da Eddie Brummelman da abokan aikinsa suka wallafa a 2015, a kan yara 565 a ƙasar Holan, ya nuna cewa yaran da iyaye ke ɗauka sun fi sauran yara daraja su ne suka fi tasowa da wannan hali, alhali waɗanda aka nuna wa ƙauna da kulawa sun fi tasowa da natsuwa da kansu. Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai, mu da ke ce wa yaro "kai ba sa'an kowa ba ne" muna ganin gata muke yi masa. Wasu kuma wulaƙanci suka sha suna ƙanana, suka rantse a zuci ba za a sake ganinsu a ƙasa ba, ko da kuwa sai sun taka wani.

Kada a haɗa wannan da son ado ko mafarkin girma. Fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un noir, a Treichville aka ɗauke shi, da samarin Nijar masu aikin ƙarfi, cikinsu har da Oumarou Ganda, waɗanda suka ara wa kansu sunayen taurarin fim don su ji daɗin rayuwa mai wuya. Wannan bai cuci kowa ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya raba gardama: son kyakkyawar riga da takalmi ba shi ne girman kai ba, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Duba mutum a waɗannan wurare biyu, in an gaya masa gaskiya da in ya keɓe da wanda ba zai iya rama masa ba.

Duk wanda ya san mahaɗar Indénié ta Abijan ya san yadda ta sha cika da ruwa da damina, motoci su tsaya cak. Ruwan ba a nan ya sauka duka ba. Daga tudun Abobo da Adjamé da Cocody yake gangarowa ta kwarin Gourou, da yashi da shara, ya taru a wurin da ya fi ƙasa. Haka wanda ke zaune da mai wannan hali yake. A jikinsa ake ganin ɓarnar, rashin barci, faɗuwar gaba da an ji ƙarar takalmi a ƙofa, mantuwa, rama, har mutane su ce shi ne mai matsala, alhali daga sama abin ya gangaro.

Farkon warkewa shi ne gane wannan. Sai dai a nan akwai rami, kuma mata masu tausayi su suka fi faɗawa: da ta fahimci cewa rauni ne ke cinsa, sai ta ce to bari in ƙara haƙuri in warkar da shi. Ba za ta iya ba. Yabo ba ya cika shi, biyayya ba ta isarsa, kuma likitocin da kansu sun san irin waɗannan mutane ba kasafai suke zuwa neman magani ba, tunda a ganinsu lafiyarsu ƙalau. Sanin dalilin zalunci yana da amfani ɗaya, ya sauke wa wanda aka zalunta laifin da aka ɗora masa.

Judith Herman, a littafinta na 1992 a kan warkewa daga azaba, ta sa aminci a gaba da komai, sannan ba da labari da jimamin abin da aka rasa, sannan komawa cikin mutane. A zango aminci yana nufin abubuwa ƙanana masu nauyi: takardunki na shaida su kasance a hannunki, lambar wayar ɗan'uwa a kanki, 'yan kuɗin adashi da ba kowa ya sani ba, da mutum ɗaya mai amana da za ki riƙa gaya wa abin da ya faru a ranar da ya faru, don kada a goge miki shi gobe. Yaron shago ya rubuta lissafinsa, ya sa shaidu. Jayayya da irin wannan mutum ɓata numfashi ne. Gajeriyar amsa ta fi. In abin ya kai ga duka ko barazana, Kodebuwa tana da doka ta 21 ga Disamba 2021 da ta ba wanda ake cuta a gida damar neman umarnin kariya daga kotu, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta AFJCI, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a cibiyar INSP da ke nan Adjamé. Zuwa can ba hauka ba ne. Shari'ar Musulunci ma ta buɗe ƙofar rabuwa saboda cutarwa, ta buɗe ta khul'i.

Bayan an rabu, kewa takan zo, kuma mutane kan ji kunyar faɗa. Ba abin kunya ba ne. Kwanakin atamfa da kaza ma an yi su, zuciya kuma ta saba jiransu. A daidai lokacin ne yakan dawo, da kuka, da manyan mutane a bayansa. Roƙona ga limamai da sarakunan zango masu zaman sulhu shi ne su ji kowane ɓangare shi kaɗai kafin a haɗa su, don wadda aka shekara ana tsorata ba za ta iya magana a gabansa ba. Su kuma tambaye shi ya faɗi da bakinsa abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da "amma ita ma" ba. Wanda ya tuba zai iya, ko da murya na rawa. In ya juya zancen ya koma lissafa alherin da ya yi mata da danginta, to kada a ce ta tashi ta bi shi a ranar.