Samun Ƙaimi

Turawan Ingila suna da wata magana da suke yi wa wanda ya nuna iyawarsa a idon jama'a. Sukan ce, wane ya samo ƙaiminsa. Ƙaimin nan kuwa shi ne wanda mahayi ke ɗaurawa a diddige don ya zaburi doki.

Asalin maganar daga zamanin yaƙin doki take. A Ingila ta dā, ba kowa ne ke ɗaura ƙaimi mai ruwan zinariya ba sai wanda aka naɗa barde. In barde ya yi abin kunya, akan sare ƙaimin daga ƙafarsa a bainar jama'a.

A shekarar 1346 Sarkin Ingila Edwad na Uku ya ƙetare teku ya kai wa Faransa yaƙi. Suna sauka gaɓa ya naɗa ɗansa, Yarima Edwad, barde, yaron yana da shekara 16. Ran 26 ga Agusta aka gwabza a wani wuri da ake kira Kiresi, Yarima yana riƙe da rundunar gaba, uban yana kallo daga kan tudu. Da yaƙi ya yi zafi, sai manyan da ke tare da Yarima suka aika neman gudunmawa. Masu tarihi sun ce Sarki ya tambaya ko ɗansa ya mutu, ko ya yi rauni. Aka ce a'a. Sai ya sallami manzo, ya ce a bar yaron ya samo ƙaiminsa. Kafin gari ya waye Ingila ta ci nasara.

To, ga abin lura. Yaron nan ya riga ya sami sarautar tun makonni shida da suka wuce. Ashe abin da ya rage masa shi ne ya cancance ta. Uba yana iya ba ɗansa doki da sulke, amma ba ya iya ba shi shaidar mutane. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wani zai ce, wannan ai rashin tausayi ne, wane uba ne zai ga ɗansa cikin masu, ya naɗe hannu? Maganarsa abin dubawa ce. Amma Sarki bai hana taimako ba sai da ya tabbata yaron yana tsaye da ƙafafunsa. Har ma wani marubucin Ingila ya ce ya tura barade 20. Da ya sauko da kansa, da an ce nasarar uba ce, ɗan kuwa ya zauna har abada ana masa kallon ɗan lele.

Yanzu barade sun shuɗe, magana ta saura. Ingilishi sukan faɗe ta ga sabon likita, ko malamin makaranta, ko magini, ranar da ya fita kunya cikin aiki mai wuya. Ba a faɗa wa mutum ita don ya karɓi takardar shaida ko ya gaji kujera.

Saboda haka nauyin biyu ne. Yaro ya sani naɗi ba shi ne cancanta ba. Babba kuma ya sani in bai ja da baya ba, na ƙasa da shi ba zai taɓa samun fili ba. Amma ya ja da baya idonsa yana kan yaron.