Rubutu da Amana: Matsayin Tallafin Yi wa Ƙananan Sana'o'i Rajista

Mafi yawan masu neman abinci a duniya suna sana'a ne ba tare da sunansu ya shiga kundin hukuma ba, domin ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ta nuna cewa kusan mutum biliyan 2 ne ke cikin wannan rukuni, a Afirka kuwa sun haura kashi 85 cikin 100 na masu aiki. Gwamnatoci sun daɗe suna neman jawo su, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi ita ce tallafi, wato kuɗin da ake bayarwa ba rance ba, ko kuma yafe kuɗin rajista. A Nijeriya, bayan annobar korona ta 2020, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin yi wa sunayen kasuwanci 250,000 rajista kyauta a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Tambayar da ke gaban mai nazari ita ce ko wannan kyauta alheri ce ga mai sana'a, kuma mene ne addini ya ɗora wa mai bayarwa da mai karɓa.

Abin da ya kamata a fara kawarwa shi ne zaton cewa kasuwar da ba ta da takarda ba ta da tsari. Kasuwar Kurmi ta Kano tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma fatauci ya kai Gwanja da Agadas bisa ginshiƙan da kowa ya sani: fatoma, wato maigidan da ke saukar da baƙon falke ya tsaya masa, da dillali mai haɗa ciniki ya karɓi la'ada, da adashi mai tara jari. Abner Cohen, wanda ya nazarci cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan ya buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda ake ba mahauta shanu bashi ba tare da yarjejeniyar rubutu ba, saboda maigida ya san kowa, kuma zubewar mutunci ta fi tarar kotu ciwo. Wannan tsari sunansa amana, kuma bai cancanci raini ba.

Duk da haka Alƙur'ani bai bar mu'amala ga amana kaɗai ba. Aya mafi tsawo a cikinsa, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda malamai ke kira ayar bashi, ta yi umarni da a rubuta bashin da aka sa wa lokaci, ƙarami ne ko babba, kuma a kafa shaidu. Yawancin malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, wato abin da ake so amma babu zunubi a barinsa, suna kafa hujja da ayar da ke biye, wadda ta yarda da aminta da juna, yayin da wasu, irin su Ɗabari, suka ce wajibi ne. Abin lura a nan shi ne yadda ayar ta tsara rubutun. Wanda ake bi bashin shi ne ke faɗin abin da za a rubuta, ba mai kuɗin ba. In shi mai rauni ne ko bai iya faɗa ba, waliyyinsa ya tsaya masa. An umarci marubuci da adalci, kuma an hana a cutar da shi ko shaidu. Ke nan rubutun da addini ya yaba shi ne wanda ke kare mai rauni, kuma da wannan ma'auni ya dace a auna kowace rajista.

Inda amana ke gazawa a fili yake ga duk wanda ya halarci rabon gadon ɗan kasuwa. Mai shago a Kantin Kwari ya rasu, dilolin atamfa na jibge, amma wasu na wanda ya ba shi kaya ne sai ya sayar ya biya, wasu jarin ƙaninsa ne, wasu kuma kuɗin da matarsa ta ba shi ya juya mata. Littafin bashin da ke cikin durowa yana ɗauke da laƙabi da alamomin da mamacin kaɗai ya gane, yaron shagon da ya yi shekaru yana jiran sallama ba shi da shaida, marayu kuwa ba su san abin da za su nema ba. A irin wannan hali takarda da asusun banki da aka raba da kuɗin cefane rahama ne, kuma tallafin da ya kai mutum ga wannan ya taimaka wajen tsare haƙƙi, wanda yana cikin manyan manufofin shari'a.

Shi tallafin kansa, a fiƙihu hiba ce, wato kyauta, don haka ba ya ɗauke da matsalar riba da ke hana masu tsoron Allah da yawa kusantar rancen banki. Sai dai kyauta ce mai jiran sakamako, irin wadda Malikawa ke kira hibatus sawabi, suka halatta ta amma suka kusanta hukuncinta da na ciniki. Abin da hukuma ke jira shi ne haraji, kuma gaskiya ta buƙaci a faɗa wa mai karɓa haka tun farko, tare da bayanin cewa rajista tana zuwa da wajibai na kowace shekara da tara ga wanda ya yi sakaci. Haka kuma a sanar da shi abin da doka ta sauƙaƙa masa, kamar yadda a can baya Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke harajin kamfani daga ƙananan kamfanonin da cinikinsu na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba. Tsoron da mai sana'a ke yi ba jahilci ba ne, domin tun kafin rajista yana biyan kuɗin rumfa da na shara da tikitin kullum, sau da yawa ba rasidi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓe-karɓen da ake ɗora wa talakawa da 'yan kasuwa ba bisa shari'a ba cikin laifuffukan sarakunan da ya yaƙa. Hukumar da ta shigar da mutum kundinta ta ɗauki matsayin marubucin da ayar ta umarta da adalci, saboda haka haƙƙi ne a kanta ta daina barin a karɓi kuɗinsa sau biyu, ta samar da kotun da za ta saurari ƙarar bashi cikin gaggawa, kuma ta kashe gobarar kasuwa in ta tashi.

Ayar bashi ta kuma ware cinikin hannu da hannu, ta ce babu laifi a bar rubuta shi, kuma masu tsara tallafi na yawan mantawa da wannan sassauci. Mai ƙosai da ke sayen wake da safe ta sayar kafin hantsi, ko matar da ke sana'ar ƙuli-ƙuli a cikin gida, ba ta bin kowa bashin da ke buƙatar magatakarda, kuma sharaɗin cike fom ta intanet yakan tura ta hannun mai shagon kwamfuta ko ɗan siyasar unguwa da zai yanki kasonsa. Irin wannan mai sana'a ta cancanci jari ba tare da sharaɗin rajista ba, a bar matsa lamba ga wanda ya ɗauki ma'aikata, yake juya kuɗin mutane, ko yake karɓar kaya bashi daga nesa, domin a wurinsa ne haƙƙin wasu ke rataye.