Mai Guduma da Mai Tokara

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, masu ƙera jiragen sama a Amurka sun wayi gari da tulin alminiyum da ma'aikatan da suka goge wajen haɗa shi da ƙusa. Kamfanin Grumman, mai jiragen yaƙi, ya shiga ƙera kwale-kwale, wasu suka biyo baya da ƙananan jiragen kamun kifi. Har yau ana samun tsofaffinsu a yashe a bayan gidaje, musamman a jihohi masu yawan tafkuna irin su Minesota, masu sha'awar su suna saye da araha su gyara.

Alminiyum ba ya jan tsatsa. Allah ya yi shi da kariyarsa: da iska ta taɓa shi sai ya yi wata siririyar fata da ke hana shi lalacewa. Shi ya sa jikin jirgin kan shekara hamsin lafiya lau. Ciwon yana mahaɗa, inda ɗaruruwan ƙusoshi ke riƙe da fallayen, kowace da kai a waje da dakakken gindi a ciki. Dukan igiyar ruwa da girgizar inji ke sassauta su, har yoyo ya fara. Mai gaggawa yakan tsallake wannan ya shimfiɗa daɓen katako, ya kafa kujeru, ya shafa fenti, ruwa kuwa na taruwa a ƙarƙashi.

Mai haƙuri kan ɗora jirgin a tudu, ya zuba masa ruwa a ciki, ya kwanta ƙarƙashi da alli yana zagaye duk ƙusar da ke ɗiga. Sai kuma abin mamakin: mutum ɗaya ba ya iya matse ƙusar da ke tsakiyar jirgi. Dole wani ya tsaya waje da guduma, wani ya durƙusa ciki ya tokare gindinta da dunƙulen ƙarfe mai nauyi. In babu tokara, dukan ba ya zama a ƙusar. Jikin jirgin ne ke lotsewa, ramin ya ƙara faɗi. Su biyun ba sa ganin juna, kuma ƙarar gudumar kaɗai ake ji, alhali girgizar duk a hannun na ciki take ƙarewa.

Haka abin yake idan yaro ya fara sakwarkwacewa, ya soma gudun makaranta da kai dare a waje. Masu guduma ba sa wuya: uba, kawu, malam, har maƙwabci. Wanda ake rasawa shi ne mai shiga ciki, kakar da za ta ajiye masa tuwo bayan an gama faɗa, ta ce, "Zauna nan, ɗan nan, gaya mini abin da ke damunka." Wasu na kiran wannan ɗaure gindi, kuma ban yarda ba. Abin tokarar ƙarfe ne, ba ya ja da baya. Kakar ba ta ce uban ya yi ƙarya ba, ta dai tsaya ta yadda maganarsa za ta zauna ba tare da yaron ya lotse ba.

Kuma sai ta dace da ƙusar da ake duka. In uban yana faɗa kan abokan banza, ita tana lallashi kan kuɗin kashewa, to sun saɓa wuri, yaron zai kwana da zafin faɗan, gobe kuma ya koma wurin abokan nasa.