Wata Uku Ba Ya Aji, Babu Wanda Ya Yi Cigiyarsa

Ya ku jama'ar Kumbotso, da 'yan'uwanmu na Kura da Bunkure da Garun Malam. Ku ba ni aron hankalinku. Akwai abin da ya tokare mini ƙirji tun cikin sanyin bana, na rasa inda zan sauke shi sai a gabanku.

Wata Talata da hantsi na je yankin Kadawa sayen tumatir na hidimar biki. Ana ta loda kwanduna a motocin da za su nufi Kudu, sai idona ya faɗa kan wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, tsugune a gindin mota. Rigar firamare ce a jikinsa, duk ta rine da ruwan tumatir. Yana ƙirga kwandunan da ake ɗorawa yana rubutawa a littafi. Na matsa na leƙa. Shafukan farko aikin lissafi ne na aji, ga jan biron malami, goma bisa goma. Daga tsakiya kuma sai lissafin kwanduna da kuɗin 'yan dako.

Na ce, "Yaro, yau babu makaranta ne?"

Ya ce, "Akwai, Baba."

"Yaushe rabonka da aji?"

"Wata uku ke nan. An ce in taya dashe na sati biyu, daga nan ban koma ba."

"To wa ya zo nemanka? Malaminku, ko mai unguwa, ko 'yan kwamitin makaranta?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na tambaye shi abin da ba a taɓa yi ba a duniya. Ya ce, "Babu kowa, Baba."

Babu kowa! Jama'a, wallahi wannan magana ta hana ni barci. Akuya ta ɓata a unguwa, kafin magariba an yi shela a lasifikar masallaci, an leƙa gidan mai unguwa, an tura yara lungu-lungu. Waya ta faɗi a a-daidaita-sahu, sai an kwana ana kiran lambar. Amma ɗa, ɗan mutum, mai cin goma bisa goma, ya ɓace daga aji wata uku cur, babu wanda ya taka ƙofar gidansu ya ce lafiya. Ashe akuya ta fi ɗanmu daraja a wurinmu? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kada wani ya ce mini ba mu iya haɗa kai ba. Mun iya sarai, in abin ya shafi aljihunmu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin kanal yana ratsa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukuma ce ke sako shi daga sama, amma wa ke kai shi bakin kowane fili? Manoma ne da ƙungiyoyinsu na masu amfani da ruwa. Su ke fitowa yashe magudana, su ke tsara ranar da kowa zai sha, su ke tara kuɗin gyara. Ruwa ya yi kwana ɗaya bai isa filin mutum ba, kafin rana ta take ƙara ta kai gaban shugabanni. A 2016 da tsutsa ta cinye tumatir a Kadawa, wane taro ne ba a yi ba, wane gidan rediyo ne ba a je ba? Lokacin rigakafin shan inna, masu unguwanni da dagatai suka shige gaban ma'aikatan lafiya gida-gida, ana yi wa bango alama da alli, ana komawa neman yaro ɗaya da aka tarar ba ya nan, har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da cutar. Mu ne fa muka yi wannan. To me ya sa da aka zo kan makaranta hannu ya mutu? Shuka ta yi yaushi kwana ɗaya an ankara, yaro ya yi wata uku ba ya aji, babu kowa!

Na san abin da za a ce: gwamnati. Ban wanke ta ba. Akwai azuzuwan da rufinsu ya yaye, akwai malami ɗaya a gaban aji cike maƙil, yara a ƙasa. Amma doka dai an yi ta. An buɗe firamare kyauta ga kowa a 1976. Dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 a makaranta. A 2019 Gwamna Ganduje ya ayyana ilimi kyauta kuma dole a Kano. A watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci kan ilimi. Duk da haka UNICEF na ƙiyasta yaran Kano da ba sa zuwa makaranta da kusan miliyan guda. Wanda ke zaune a ofis cikin birni bai san fuskar yaron nan ba. Mu muka san shi. Mu muka ci naman sunansa.

Ku iyaye maza, ku ji tsoron Allah. Babu uban da ke tashi da safe ya ce yau na cire ɗana daga makaranta. Da kaɗan-kaɗan ake yi: yau dashe, gobe korar tsuntsaye a gonar shinkafa, jibi tsinkar tumatir. Sati biyu su zama wata. Yaro ya koma aji ya tarar an wuce shi, kunya ta kama shi, ga shi ya ɗanɗana kuɗin hannu. Shi ke nan, an rabu. Noma sana'ar iyayenmu ce, ban raina ta ba. Amma manomin da ba ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin robar maganin feshi, ko takardar bashin taki, har abada a hannun wani yake.

Ku iyaye mata, na san wahalar da kuke sha a bakin tukunyar turara shinkafa, na san zancen kayan ɗaki. Amma yarinyar da aka ɗora wa farantin talla ƙarfe takwas na safe, ta yini tsakanin direbobi da 'yan dako, me kuka sayo da ita? Nana Asma'u 'yar Shehu malamai mata da ake kira jaji take turawa ƙauye-ƙauye su kai wa mata karatu har ɗaka, mu kuma makaranta na bayan gida muna janye 'ya'yanmu.

Ku malamai, sunan yaro na cikin rajista, kullum ana kira babu amsa. Kwana nawa ake yi kafin zuciya ta ce a bincika? Jan biron nan da ya ba shi goma bisa goma, bai iya rubuta layi biyu zuwa ga ubansa ba? Ku 'yan kwamitin SBMC, an haɗa ku ne da shugaban makaranta da mai gari da liman da wakilan mata da tsofaffin ɗalibai domin makaranta ta zama ta gari. Wasunku na ƙoƙari, Allah Ya saka. Amma nawa ne ba sa zama sai an ji ƙamshin kuɗin gyara? Ku limamai, huɗuba nawa aka yi kan tsayin wando, nawa aka yi kan yaron da ya bar aji? Ku dillalai, kun ga rigar makaranta a jikinsa, kuka ba shi aiki saboda ya iya lissafi kuma ba ya tsada. Naku 'ya'yan suna ina a wannan hantsin? Ku ƙungiyoyin ci gaban gari da na matasa, ranar zaɓe babu gidan da ba ku sani ba, har tsohuwa kuna ɗaukowa a babur. Ina wannan ƙwazon yake ranar Litinin?

Kuma kada mutanen Kumbotso su ce wannan matsalar ƙauye ce. Ku bi ta 'Yan Lemo a Na'ibawa da hantsi, ku zaga Panshekara da Sheka da Mariri, ku ƙirga yaran da ke dako da masu buhun jari-bola a kafaɗa. Kowanensu da ranar da ya fara fashi, kowanensu da maƙwabcin da ya gani ya kau da kai. Da can ɗa na kowa ne, dattijo ya ga yaro a titi lokacin karatu sai ya kama hannunsa har bakin aji. Yanzu kowa ya ce ba ruwana. Gobe idan yaron ya tare ka da wuƙa don wayarka, ka ce yaran zamani sun lalace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa muna kallo ya tsage.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Duk Alhamis shugaban makaranta ya miƙa wa mai unguwa da liman sunayen yaran da suka yi kwana uku ba su zo ba, maza biyu da mace ɗaya su je gidan. Ƙungiyoyin manoma su ware buhu ɗaya a kaka don riga da littafin marayu, shugabannin kasuwa su hana ɗaukar yaro aiki kafin a tashi makaranta.

Don Allah, don Annabi, jama'a, mu farka. Ni ma da nake wannan faɗa, na sayi tumatirina na hau mota na bar shi a gindin motar nan, ban tambayi gidansu ba, kuma ina tsoron ranar da za a tambaye ni. Amana ce aka ba mu, kuma za mu tsaya gaban Mai amanar. Ranar nan yaron zai faɗi abin da ya faɗa mini: babu kowa. Uban na tsaye, malamin na tsaye, liman da mai unguwa da dillali da ni duk muna tsaye. Wace amsa muka tanada?

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yafe mana sakacinmu, Ya ba mu ikon tashi mu nemo 'ya'yanmu tun littafin nan bai cika da lissafin kwanduna ba. Amin.