Hasken Rana da Zafin Haƙuri

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, a Suratu Yunus, aya ta 5, Allah Ya kira hasken rana "liya'u", na wata kuwa "nuru". Ibnu Rajab ya ce liya'u shi ne haske mai tafe da zafi. Masana kimiyya ma sun nuna cewa ƙarfin rana yana isowa duniya cikin minti 8 da 'yan kai, sashensa ido ke gani, sashe kuwa fata ke ji. Da hasken ne ganyen gero ke haɗa abincinsa a gonakin Gatawa, da zafin kuma zangarniya ke bushewa kafin a kai ta rumbu.

A hadisin da Muslimu ya ruwaito, Annabi (SAW) ya siffanta salla da nuru, haƙuri kuwa da liya'u. Dalili, in ji malamai, haƙuri yana ƙuna. Mutanen Gatawa sun ɗanɗani ƙunar nan a 2024, da 'yan bindiga suka kashe hakiminsu, Alhaji Isa Bawa. To, haƙuri ba naɗe hannu ba ne: komawa gona, riƙon marayu da neman haƙƙi wurin hukuma duk suna cikinsa. Allah Ya sanyaya zukatansu, amin.